Furfura a gidan kaso: wa zai duba dosiyen Baba?



Yau za mu taɓo wata magana da ba a cika kawo ta a fada ba, sai in ta faɗo gidan mutum. Maganar tsofaffin da ke kwance a gidajen kasonmu ce. Duk wanda ya taɓa kai wa ɗan uwansa abinci ya san layin nan na bakin ƙofa: mata riƙe da kwanoni ɗaure cikin ƙyalle, yara da kuloli, kowa na jiran a kira shi. Yawanci uwa ce ta kawo wa ɗanta, ko yarinyar mata ta kawo wa mijinta. Amma in ka tsaya ka duba da kyau, za ka hangi wata tsohuwa a gefe, ta zauna a ƙasa don ƙafa ba ta ɗaukar tsayuwa. Abin da ke cikin kwanonta ba tuwo ba ne, kunu ne. Wanda ta kawo wa ba shi da haƙoran tauna.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen, wani dattijo ne na unguwarmu. Ba za mu faɗi sunansa ba, ba kuma za mu faɗi inda ake tsare da shi ba, don iyalinsa ba su ba mu wannan izini ba. Mu dai Baba muke ce masa. Gonarsa ta gado ce gari ya cim ma, aka yanka ta filaye, kamar yadda ya faru da gonaki da yawa a gefen Yamai. Baba bai yi lakkal ba. Dillali ya riƙa kawo masa takardu yana dangwala yatsa, ana ba shi abin da aka ba shi. Daga baya ta bayyana cewa fili guda an sayar wa mutum biyu, wani ma har uku. Waɗanda aka cuta suka kai ƙara, kuma suna da gaskiyarsu, kuɗin guminsu ne. Dillalin ya yi layar zana. Yatsan da ke bisa takarda kuwa na Baba ne. Daga komisariya sai jastis, daga jastis sai kaso, jiran shari'a. Damina biyu ke nan ana yi ba shi.

Ko yana da laifi ko ba shi da, wannan aikin alƙali ne, ba namu ba. Da muka je gaida uwargidansa, muka ce mata, Inna, yaya ƙarin haƙuri? Ga abin da ta ce: "Ƴaƴana, ni ban ce a sake shi ba in ya ci haƙƙin mutane. A yi mishi shari'a dai, mu san inda munka dosa. Mutumin da ko tashi daga tabarma sai an kama shi, ina za shi gudu?"

Wannan tambaya ta Inna ita ce ta hana mu barci, ita muka kawo muku.

Wani zai ce, Nijar ƙasar yara ce, mi ya kawo zancen tsofaffi? Gaskiya ne, kusan rabin al'ummar ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuma ba su kai uku cikin ɗari ba. In ka shiga kowane gidan kaso, samari za ka fara gani. To amma a duba wani lissafin. Lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960, tsawon ran ɗan Nijar a ƙiyasi bai kai shekara 40 ba, yau ya wuce 60. Ƙidayar 2012 ta ba mu mutum miliyan 17, yanzu mun haura miliyan 25. Ƴan kaso kuma, a gidaje arba'in da ƴan kai da ƙasar ke da su, sun daɗe da wuce dubu goma. Jama'a na ƙaruwa, kwana na tsawo, kaso na cika: ba makawa furfura ta yawaita a ciki.

Kuma ba duka ne suka shiga da furfurar ba. Akwai waɗanda a can ta same su. Tun 1976 ba a sake zartar da hukuncin kisa ba a ƙasar nan, ana mayar da shi ɗaurin rai da rai. Wanda ya shiga da shekara arba'in bisa babban laifi, yau dattijo ne, ya manta yadda ake tsallaka titi. Sannan kaso da kansa yana tsofar da mutum kafin lokacinsa. A Amurka, hukumomin gidajen yari da yawa suna lissafa ɗan shekara 50 ko 55 cikin tsofaffi, don sun lura jikin ɗan kaso na riga shekarunsa gajiya. In haka ne a inda ake da likita da magani, sai ku auna namu.

Mu ɗauki gidan kason Yamai, wanda kowa ya sani a tsakiyar gari. Tun 1947 aka gina shi, zamanin Faransawa, lokacin da Yamai ɗan ƙaramin gari ne. Wurin mutum 445 aka ce yana da shi. Alƙaluman da aka buga a 2019 sun nuna mutum sama da 1,400 a ciki, wato wurin mutum ɗaya mutum uku ke kwance, har da ɗori. Saurayi zai iya kwana a gefe guda har asuba ba juyi, ya tashi ya kakkaɓe. Tsohon da ke da ciwon mafitsara fa, wanda fitsari ke tayar da shi sau biyar sau shida a dare? Sai ya tsallake mutane cikin duhu, ya taka wannan, ya faɗa kan wancan, ya sha zagi daga yaron da jikansa ya girme shi. In ya kai bayan gida, tsuguno ne, gwiwa kuwa ta daina lanƙwasawa. Wasu saboda kunya sai su rage shan ruwa. A garin da zafi ke kai 45 a watan Afrilu da Mayu, rage shan ruwa ga tsoho neman ajali ne.

Ba tsoratarwa muke ba. A farkon Afrilun 2024, da zafi ya yi tsanani a Sahel, babban asibitin Gabriel Touré na Bamako ya lissafa mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu, da yawansu sun haura shekara 60. Waɗannan fa mutane ne da ke gidajensu, suna iya fita inuwa, suna iya watsa ruwa. Mu kuma nan Yamai ba mu manta da farkon Satumbar 1999 ba, lokacin da ƴan kaso 29 suka mutu a ɗaki guda saboda rashin iska. Allah ya jiƙansu. Inda wuri ya yi ƙaranci, mai ƙarfi ko mai kuɗi ne ke samun kusa da taga. Tsoho talaka ba shi da ko ɗaya cikin biyun.

Ga batun ciki. Dokar 31 ga Maris 2017, wadda ta tsara yadda za a tafiyar da gidajen kaso, ta tanadi ci sau uku a rana. A takarda ke nan. An yi shekara da shekaru a baya ana ware wa kowane ɗan kaso dala sittin a yini, wato tamma 300. Ku da kuke zuwa kasuwa kun san abin da dala sittin ke saye. Tukunya guda ake ɗorawa don kowa, ba a ware wa mai ciwon suga tasa, ba a rage wa mai hawan jini gishiri. Wanda ke da iyali kusa, su ke rufa masa asiri. Magani ma haka: ciwon tsufa ba zazzaɓi ba ne da za a sha ƙwaya kwana uku a warke, ciwo ne na kullum, takardar maganin kuma a hannun iyali take ƙarewa. Ranar da Inna ba ta da kuɗin farmasi, ranar Baba ba ya shan magani. In jiki ya rikice da dare, kai mutum likita sai an samu mota, an samu mai, an samu jami'in da zai raka shi ya tsare shi.

Nan ya kamata mu yi adalci. Akwai jami'an Garde Nationale masu gadin gidajen nan da ke sa hannu aljihu su saya wa tsoho magani. Akwai samarin da suka shiga bisa satar waya ko faɗa, amma su ne ke ɗebo wa tsohon ɗakinsu ruwan alwala, su wanke masa kaya, su goya shi zuwa ɗakin magani. Inna ta ce mana wani yaro ne ke yanke wa Baba farce. Allah ya saka musu. Sai dai jinya ba aikinsu ba ce, ba kuma a koya musu ba, kuma ranar da aka saki yaron, Baba ya koma ba kowa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar.

Ƙasar nan ba ta manta da tsofaffi ba a dokokinta. Kusan duk lokacin da shugaban ƙasa ya sa hannu bisa afuwa, kamar ta bikin 18 ga Disamba, akwai rukunin da ake yafe wa sauran zamansu gaba ɗaya: mata masu ciki da masu shayarwa, masu wasu cututtuka da likita ya tabbatar irin su tarin fuka da kansa da farfaɗiya, da kuma wanda ya kai shekara 65 in ya riga ya yi kashi ɗaya cikin uku na hukuncinsa. Tsari ne mai kyau, mun yaba. To amma ku sake karanta sharaɗin: kashi ɗaya cikin uku na hukuncinsa. Afuwa ba ta hawa kan kowa sai wanda aka yanke wa hukunci, hukuncin kuma ya zama na ƙarshe. Alhali fiye da rabin mutanen da ke gidajen kasonmu ba a yanke musu komai ba, jiran shari'a suke.

Kun ga abin mamakin? Tsohon da alƙali ya tabbatar ya yi laifi, ranar biki sai a kira sunansa, ya naɗe tabarmarsa ya tafi gida. Tsohon da ba a tabbatar da komai a kansa ba, wanda doka ke ɗauka mara laifi har yanzu, shi ne zai raka shi bakin ƙofa ya komo ya kwanta. Kashi ɗaya cikin uku na mi za a lissafa masa, tunda ba a faɗi adadin ba? Haka wanda aka yanke wa hukunci bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara: muddin ƙarar na rataye, hukuncinsa bai zama na ƙarshe ba, afuwa ta wuce shi. Ke nan tsoho sai ya zaɓa, ko ya nemi wanke sunansa, ko ya yi shiru ya karɓi laifin don ya mutu a ɗakinsa.

Doka ta sa wa jiran shari'a iyaka. Ƙananan laifuka wata 12 ne ƙarshe, manya wata 30, na ta'addanci shekara huɗu. Amma rahotannin masu kare haƙƙin ɗan Adam, har da na hukumar ƙasa ta CNDH a shekarun baya, sun sha faɗin cewa ana zarce wannan iyaka. Ba lalle mugunta ba ce. Alƙalai sun yi kaɗan, dosiye ya yi tsibi, a canja wa alƙali wurin aiki sabo ya zo ya faro karatu daga farko. Dosiyen da ke motsi shi ne wanda ke da mai bibiya. Lauyoyi, aboka kamar yadda muke cewa, kusan dukkansu a Yamai suke, kuɗinsu kuma ba na kowa ba ne. Tun 2011 aka kafa hukumar ANAJJ don taimaka wa marasa hali a gaban shari'a. Mun tambayi Inna ko ta san da ita. Ta ce, "Wace ce haka?" Wata talatin ga ɗan shekara 25 asara ce babba, amma in Allah ya yarda zai fito ya sake gini. Wata talatin ga ɗan shekara 75 kuwa, mai yiwuwa su ne suka rage masa.

Akwai kuma ƙaramin ƙulli da ba a cika lura da shi ba: shekarun kansu. Iyayenmu da kakanninmu da yawa ba a yi musu takardar haihuwa ba ranar da aka haife su. Daga baya aka yi musu, aka rubuta «né vers», wato an haife shi wajajen shekara kaza. Wajajen nan kuwa, wani ma'aikaci ne ya dubi fuska ya kintata. Wani an rage masa shekaru don ya samu shiga lakkal ko aiki. Wani ba shi da takardar sam. Sai ka ga mutum ya ba saba'in baya, yana ba ka labarin yunwar 1973 da ya gani yana magidanci, amma takarda ta ce bai kai 65 ba. Ƙofar da aka yi dominsa, takardarsa ta rufe masa ita.

In muka ce Baba na cikin wahala, to akwai wanda ya fi shi, don shi ko ba komai Inna na iya zuwa ta komo a yini guda. Tun da rikicin Boko Haram ya shigo jihar Difa a 2015, an kama mutane fiye da dubu, aka kawo su Yamai da Kollo da Kutukale, saboda kotun da ke shari'ar ta'addanci a Yamai take. Ba mu raina wannan yaƙi ba, mun san sojojin da muka binne, mun san garuruwan da aka tayar. Amma kamen da ake yi cikin ruɗanin yaƙi ba ya tambayar shekaru, kuma da aka fara shari'o'in a 2017, da yawa an sallame su don ba a samu hujja a kansu ba. Daga Difa zuwa Yamai ya fi kilomita 1,300. Dattijon da aka ɗauko daga bakin Komadugu, wanda Kanuri kawai yake ji, wa zai kawo masa kunu? Wa zai bi masa dosiye?

Abin da ya kamata ya sa manyanmu su ji wannan magana a jikinsu shi ne, tarihin ƙasar nan cike yake da dattawan da suka ɗanɗana. Boubou Hama, wanda gidan tarihinmu ke ɗauke da sunansa, yana dab da shekara 70 aka tsare shi a Agadas bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Diori Hamani ya yi shekara shida a tsare a Damagaram, sannan ɗaurin talala har 1987. Djibo Bakary ma ya yi shekaru a tsare zamanin Kountché. Tandja Mamadou yana da shekara 72 aka kai shi Kollo a Janairun 2011, ya fito a watan Mayu. Hama Amadou ya ga Kutukale, ya ga Filinge ba sau ɗaya ba, sau biyu kuma daga can aka fitar da shi zuwa Faransa neman magani. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Ba mu kawo sunayensu don tone-tone ba, ba kuma ƙyashin jinyar da wani ya samu muke ba. Abin lura shi ne, kowannensu yana ciki rediyo na ambatonsa, lauyoyi na kai da komo, ƙasashe na sa baki. Baba kuwa, ko a unguwa an fara mantawa, sai in an ga Inna da kwano.

Kuma kada wani ya ce ba za ta yiwu ba. A ƙarshen Maris 2020, da korona ta shigo, shugaba Issoufou Mahamadou ya yi wa mutum 1,540 afuwa, aka sa tsofaffi da masu ciwon da ba ya warkewa a gaba, tare da waɗanda zamansu ya rage ƙasa da wata tara. Cikin ƴan kwanaki aka tantance sunaye, aka buɗe ƙofa. Gari bai kife ba. Ke nan in an so, ana iya zaƙulo tsofaffin cikin rajista ba tare da ɓata lokaci ba. Sai dai ko a ranar, masu jiran shari'a kallo suka yi.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan matsala sun ga ƙarshenta. A Amurka, ƴan shekara 55 zuwa sama a gidajen yarin jihohi sun tashi daga dubu 26 a 1993 zuwa dubu 131 a 2013, saboda dogayen hukunce-hukunce. Yau wasu gidajen yarinsu sun zama gidajen jinya, da keken guragu da ɗakin masu ruɗewar tsufa, kuɗin riƙe tsoho guda kuma ya ninka na saurayi. A Japan abin ya ɗauki wani salo mai ban tausayi: tsofaffi, musamman mata, na satar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kanti, wasu don a mayar da su kaso, tunda a waje ba mai ce musu sannu. Mu ba mu kai nan ba, zumunci bai mutu ba tukuna. Amma mu ba mu da kuɗin Amurka na gina asibiti cikin kaso. Hanyar da ta fi mana araha ita ce kada mu tara su tun farko.

Ba sai mun je nesa ba ma. A Kano, babban alƙalin jiha kan shiga Kurmawa da Goron Dutse da kansa, ya zauna da rajista, a kawo masa waɗanda suka daɗe ba shari'a, da marasa lafiya, da tsofaffi, ya sallami wanda ya cancanta nan take. Najeriya ma tana fama da nata cunkoson, har sai da aka samu tsoho mai shekara 100 a gidan yarin Enugu, wanda ba a sake shi ba sai 2019. Ba don sun fi mu muka ambace su ba. Dabarar ce ta burge mu: maimakon dosiye ya jira ranar da zai hau teburin alƙali, alƙali ya taka ya je inda mai dosiyen yake, ya gan shi da idonsa.

Mun san abin da wasunku za su rubuta mana, kuma suna da hujja. Za su ce furfura ba sabulu ba ce, ba ta wanke laifi. Gaskiya ne. Akwai tsohon banza da ya lalata ƙaramar yarinya, akwai wanda ya kashe rai, akwai wanda ya kwashe dukiyar ƙasa ya bar asibiti ba magani. Uwar yarinyar nan in ta ga an sako shi don ya tsufa, an zalunce ta sau biyu. Shi ya sa afuwar da ake yi takan ware manyan laifuka irin su ta'addanci da safarar ƙwaya da handamar dukiyar gwamnati, kuma ba mu nemi a taɓa wannan ba. A Senegal, da aka fitar da Hissène Habré daga kaso na kwana 60 a 2020 saboda korona da shekarunsa, mutanen da ya azabtar a Chadi sun yi kuka, kukansu kuma yana bisa hanya. Za ku kuma ce, ai mun saba gani, babban mutum lafiyarsa ƙalau yana cin kaji, ranar da aka kama shi sai ciwo goma ya taso. Wannan ma gaskiya ne. Maganinsa likitocin da ba na aljihun kowa ba, su duba mai kuɗi da talaka da ma'auni guda.

Amma ku lura, abin da muke nema bai ci karo da haƙƙin wanda aka cuta ba. Mutanen da suka sayi filin Baba, mi suka samu da damina biyun nan? Ko dala ba su gani ba. In ya mutu a ciki, shari'ar laifin ta mutu da shi, su kuma su shiga sabon zarya da magada. Gaggauta shari'ar tsoho ya fi amfanar mai ƙara bisa kowa.

Don haka roƙonmu ga ma'aikatar shari'a ba mai tsada ba ne. A umurci kowane shugaban gidan kaso ya fitar da sunayen duk wanda ya kai shekara 60, a ware masu jiran shari'a daban, a ɗora dosiyensu a sama. Masu shigar da ƙara na gwamnati da alƙalan bincike su shiga su gan su. Wanda laifin da ake zarginsa ba na jini ba ne, kuma jikinsa ya nuna ba inda za shi, a ba shi sakin talala, mai unguwa ko liman ko babban ɗansa ya tsaya masa, ya riƙa zuwa jastis duk ranar da aka kira. Dokarmu ta riga ta ba alƙali wannan dama, ba sabuwa za a rubuta ba. Inda takarda ta ce «né vers» ido kuma ya ce wani abu daban, a bar likita ya ƙiyasta. Waɗanda dole su zauna, a ba su ɗaki kusa da ɗakin magani, inda iska ke shiga, a samar musu bayan gida na zama. Kujerar ƙarfe mai rami a tsakiya, kowane mai walda a Katako zai haɗa ta a yini guda. An daɗe ana zancen gina wa Yamai sabon gidan kaso, muna fatan alheri, amma tsohon da ke ciki yau ba lalle ya ga ranar buɗe shi ba.

Mu ma jama'ar gari akwai namu. Da yawanmu in ɗan uwa ya shiga kaso sai mu ɓoye, mu ce ya yi tafiya. Kunyar nan ita ke sa a bar tsohuwa ita kaɗai da ɗawainiya. A fadarmu mun yanke shawarar tara ɗan abin da ya sawwaƙa duk Juma'a, don kuɗin mota da na maganin Baba, wani ɗalibin shari'a na cikinmu kuma ya ɗauki nauyin raka babban ɗansa ofishin ANAJJ da wajen magatakardan kotu, a ji inda dosiyen ya kwana. Masu fitar da zakka da masu ciyarwa a watan azumi, ku riƙa tunawa da bayan katangar nan. Wanda kuma ke da tsoho a ciki yana jiran shari'a, ya rubuto mana ta saƙon sirri, ba sai ya sa suna a fili ba, mu haɗa mu miƙa wa waɗanda abin ya shafa kafin 18 ga Disamba ta zagayo.

Jiya da safe mun raka Inna tasha. A hannunta akwai kular kunu, da leda mai maganin hawan jini na kwana goma, don na wata guda kuɗinsa bai haɗu ba. Ta kuma nuna mana kwafin takardar haihuwar Baba da aka ce ta kawo, ta naɗe ta cikin gefen zane. An rubuta «né vers 1950». Ta ce zuwanta na ƙarshe ta tafi da jikansu, Baba ya daɗe yana kallon yaron, sannan ya tambaye ta ɗan wane ne.